Shin Ko Kun San? Gizo a Ajin Firamare, Daga Rano da Kibiya Zuwa Ƙasar Blackfoot

Shin ko kun san kusan duk inda aka ba da labarin Bayajidda a duniyar nan sai an ambaci garin Rano? Baƙo ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijiya. Ya kashe ta, ya auri Daurama, aka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka riƙe Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka cika Hausa Bakwai. Wanda labarin ya ba Rano shi ne Zamna Kogi. Har gobe, in za a yi wa Sarkin Rano kirari, Autan Bawo ake ce masa. Ɗan aji biyu a firamaren Rano yana taka ƙasar da ke cikin wannan labari kowace safiya, amma ku tsayar da shi ku tambaye shi wane ne Bawo, ku ji abin da zai ce.

Shin ko kun san labarin ya raba wa garuruwan nan aiki? Gobir sarkin yaƙi, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Zazzau sarkin bayi, Kano da Rano kuwa sarakunan baba, wato masu rini. Wannan ba zancen baka kawai ba ne. Kudancin Kano ƙasar auduga ce da saƙa da karofi, kuma Bajamushen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya ga yadda tufafin rinin ƙasar ke ratsa hamada. Malamin da ke son koya wa yara sana'o'in gargajiya ba sai ya tsallake layi ɗaya na labarin Bayajidda ba: ga darasin nan a kwance.

Shin ko kun san Rano ta shiga littafin Tarihin Kano tun zamanin Sarki Yaji, wanda aka ƙiyasta ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385? Littafin ya ce Yaji ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa, ya zo ya zauna a yankin na ɗan lokaci. A zamaninsa ne kuma Wangarawa suka iso Kano daga Mali. Wani Bature mai suna Palmer ya fassara littafin zuwa Turanci a 1908.

Kun kuma san a 2019 aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai sarkin yanka tare da Bichi da Gaya da Ƙaraye, a 2024 aka soke dokar, sannan aka sake kafa ta a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Wannan kam ba sai an tuna wa kowa ba, mu wuce.

Shin ko kun san Bahaushe bai taɓa haɗa tatsuniya da labari a kwando ɗaya ba? Labari abin da ake ɗauka ya faru ne, na sarakuna da yaƙe-yaƙe da kafuwar garuruwa, kuma maza dattawa ne ke ba da shi a zaure ko a gindin bishiya. Tatsuniya kuwa kowa ya san ƙirƙira ce, shi ya sa aka yi mata ƙofar shiga da ƙofar fita. Mai bayarwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta." Da zarar an amsa, an shiga duniyar da kura ke magana, ƙashi ke aure, cinya ke zaune a ɗaki ita kaɗai. In an gama sai a ce "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera," a rufe ƙofa, kowa ya dawo duniyar gaskiya. Ɗan shekara biyar da ya saba da waɗannan ƙofofi biyu ya riga ya koyi bambanta ƙirƙira da gaskiya, abin da manya da yawa masu riƙe da waya a yau ba su iya ba.

Shin ko kun san ba a yin tatsuniya da rana? Ana tsorata yara da cewa wanda ya yi zai ɓata. Dalilin kuwa a fili yake: rana ta aiki ce, ta gona da kiwo da ɗebo ruwa da talla da makarantar allo. Sai an ci tuwon dare, musamman da kaka bayan an kawo amfanin gona gida, sannan yara ke taruwa a ɗakin kaka ko goggo. Hannu ba ya zama banza. Ana ɓarar gyaɗa, ana ɓanɓarar masara, tsohuwa na kaɗi da mazari, labari na tafiya. Amarya ma na daga cikin manyan masu wannan aiki. Sabuwar zuwa ce, ba ta da ɗa tukuna, sai ɗakinta ya cika da yaran gida da na maƙwabta, ta sayi zukatansu da tatsuniyoyin garinsu. Ta haka tatsuniyar Tarai ke tsallakawa Rurum, ta Rurum ta sauka Kibiya, ba mota ba littafi. To ga inda gizo ke saƙa: makarantar boko da hantsi ake yin ta, a aji cike maƙil, da ƙararrawa mai katse zance. Ɗaukar abin dare a kai shi cikin rana ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba kowane malami ne ke lura cewa akwai abin da ke zubewa a hanya ba.

Shin ko kun san Gizo yana da tsamin baki? Haka tsofaffi ke kwaikwayon muryarsa, yana tauna harufa yana laƙwasa su, kuma rabin dariyar yara daga nan take. Dodo muryarsa kauri gare ta, kura da haɗama take magana, Ƙoƙi kuwa a hankali. Yawancin tatsuniyoyi akwai 'yar waƙa a tsakiyarsu wadda ake maimaitawa, yara na amshi. Duk wannan ba ya hawa takarda. Malamin da ya buɗe littafi ya karanta tatsuniya da murya ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan ya rubuta a allo "Kawo darussa uku da ka koya," ya kashe ta ya kuma sa yara su yi mata jana'iza.

Ku tuna ta Gizo da hankaki. Ana yunwa, hankaki na zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa. Gizo ya lallaɓa, kowanne ya ara masa gashi, ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya fara gani. Suka ƙyale shi har ya yi barci, kowa ya zare gashinsa, suka tafi. Ya farka ya yi tsalle zai tashi, sai ga shi tsamo-tsamo a ruwa, a hannun kadoji, inda ya shiga sabuwar ƙarya ta cewa shi ɗan'uwansu ne. Ba wanda ke tsayawa ya ce wa yaro haɗama ba kyau. Ya ji ƙarar faɗawar Gizo a ruwa, ya isa.

Shin ko kun san can a arewacin nahiyar Amurka akwai mutanen da ke da nasu Gizon? Su ne Blackfoot, masu kiran kansu Nitsitapi. Ƙungiya ce ta al'ummu huɗu: Siksika da Kainai da Pikani a lardin Albata na Kanada, da 'yan'uwansu Pikanin kudu a jihar Montana ta Amurka. Nasu gwanin ba gizo ba ne, tsoho ne mai suna Napi. Wani lokaci shi ke tsara duniya, ya shimfiɗa tudu da kwari, wani lokaci kuma wawa ne mai son kai wanda dabararsa ke komawa kansa. Da dare ake ba da labaransa, musamman a dogayen dararen hunturu.

Ga ɗaya da aka sani sosai a kudancin Albata. Napi yana tafiya cikin zafi, ya gaji, ya huta a kan wani ƙaton dutse, ya cire mayafinsa ya ba dutsen kyauta. Da sanyi ya sauko sai ya dawo ya ce a ba shi abinsa. Dutse ya ƙi, Napi ya fizge ya tafi. Can sai ya ji ƙasa na girgiza, ashe dutsen ne ke mirginowa a bayansa. Dabbobi suka yi ƙoƙarin tare shi suka kasa, sai jemagu ne suka yi ta kai masa hari har ya tsage biyu. Dutsen yana nan har yau kusa da garin Okotoks, kudu da birnin Kalgari, a tsage, nauyinsa ya kai kimanin tan 16,500. Masana ƙasa sun ce ƙanƙara mai tafiya ce ta ɗauko shi daga tsaunuka masu nisa dubban shekaru da suka wuce. Abin da ya burge ni shi ne ana kai 'yan makaranta wurin, su ji bayanin Napi su kuma ji na ƙanƙara, ba a ce ɗaya ya kori ɗaya ba. Mu da ke da duwatsu zagaye da Rano, yaushe rabon da a fita da aji guda a tsaya a gindin ɗaya, a kira dattijon unguwa ya faɗi abin da ya ji daga kakanninsa a kansa?

Shin ko kun san Blackfoot na da kundin tarihi na fata? A kan fatar ɓaunar ƙasarsu suke zana alama ɗaya ga kowace shekara, alamar babban abin da ya faru a cikinta, annoba ko yaƙi ko mutuwar shugaba. Mai riƙe da fatar yana duban alama ya zubo labarin shekarar daga kansa. Malaman firamare a can sukan sa yara su zana irin wannan na rayuwarsu. Mu ma haka kakanninmu ke ƙidaya: shekarar fara, shekarar yunwa, shekarar da aka naɗa sarki wane, shekarar da aka gina dam ɗin Tiga a farkon shekarun 1970.

Shin ko kun san da ƙarfin hukuma aka raba yaransu da waɗannan labarai? Bayan yarjejeniyar 1877 da suka sa wa hannu da gwamnatin Kanada, da ƙarewar ɓauna wadda ita ce abincinsu da suturarsu da ɗakinsu, aka tsugunar da su a keɓaɓɓun filaye. Aka riƙa kwashe yara ana kai su makarantun kwana na gwamnati da coci, a aske musu gashi, a canja musu suna, a hukunta wanda ya yi harshen uwarsa. A faɗin Kanada yara kusan 150,000 na al'ummun asali ne suka bi ta irin waɗannan makarantu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Gwamnati ta nemi gafara a 2008, hukumar bin diddigi da sasantawa ta fitar da rahotonta a 2015 da shawarwari 94. Yaron da ya dawo gida ba ya jin yaren kakarsa, ta yaya za ta ba shi labarin Napi? A yau masu jin harshen Blackfoot 'yan dubbai ne, akasarinsu tsofaffi.

Shin ko kun san daga makarantar yara ƙanana suka fara gyara? A 1987 Darrell Kipp da abokan aikinsa suka kafa cibiyar Piegan a garin Browning na Montana, a tsakiyar shekarun 1990 kuma suka buɗe makarantar da ake koyar da yara da harshen Blackfoot tun daga safe har tashi. A ƙasar Siksika, ginin tsohuwar makarantar kwana ta Old Sun, inda aka hana yara yarensu, shi ne aka mayar kwalejin al'umma inda ake koyar da yaren. Jihar Montana ta yi doka a 1999 da ta wajabta koya wa kowane ɗalibi, ɗan kowace ƙabila, tarihi da al'adun mutanen asali. Kuma ba littafi kawai ake miƙa wa malami ba. Dattijo ake gayyatowa aji, a girmama shi da kyauta bisa al'ada, yawanci taba, yara su zauna a da'ira su saurara. Akwai ma labaran da ba kowa ke da izinin bayarwa ba sai wanda aka miƙa wa hakkinsu a bainar jama'a. Da tsohuwar zuma ake magani, su dai sun gane haka bayan sun sha wuya.

Mu ba wanda ya zo da mota ya kwashe mana yara. Hausa na da masu magana da ita miliyoyi, ba ta cikin haɗarin mutuwa. Amma harshe na iya rayuwa tatsuniyarsa ta mutu, kuma a ganina hanyar da muka kama ke nan. Fim da waya sun cinye daren, gidajen gandu suna rarrabewa, kaka tana wani gari jika yana wani. Akwai kuma makarantun da har yanzu ake cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji. Wannan ba soja ne ya sa mu ba, mu muka zaɓa.

Shin ko kun san ɗaya daga cikin mutanen farko da aka rubuta tatsuniyoyin Hausa daga bakinsu yaro ne? Dorugu ne, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa aka 'yanta, ya bi Barth har Ingila a 1855. A can wani malamin mishan mai suna Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da yake faɗa, abin da ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. Ƙarshen rayuwarsa kuwa a Kano ya yi shi, yana koyarwa a makarantar da Ɗan Hausa, Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Ya rasu a 1912.

Bayansa sai Frank Edgar, wanda ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, akasari daga rubutun ajamin malaman ƙasar Sakkwato. A 1913 ɗin dai Rattray ya fitar da waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ku lura da wani abu: mata ne masu tatsuniya, amma maza ne suka rubuta, maza suka buga. Tsofaffin da aka ji abin daga bakinsu, sunansu bai shiga bangon littafi ba. Haka ma ta faru a ƙasar Blackfoot: Wissler da Duvall suka buga tarin labaransu a 1908, amma wanda ya zauna da dattawa ya ji da kunnensa Duvall ne, ɗan ƙabilar ta wajen uwa.

Shin ko kun san wanda ya fi kowa shigar da tatsuniya ajin firamare a ƙasar Hausa shi ne Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero? Jerin littattafansa shida, Tatsuniyoyi da Wasanni, sun fito a farkon shekarun 1970, kuma bai raba tatsuniya da wasa ba, domin ya san tare suke tafiya a dandali. Kafin shi Abubakar Imam ya ɗauki sunan Ruwan Bagaja daga tsohuwar tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ya sa wa littafin da ya shiga gasar 1933, sannan ya kawo Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Farfesa Sa'idu Babura Ahmad kuma ya nuna a bincikensa cewa tatsuniya ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya daga baki biyu: kowace mai bayarwa tana ƙara nata gishiri. Saboda haka in yaro a Kibiya ya ce ba haka kakarsa ke faɗa ba, kada malam ya ce ya yi kuskure. A ce ya taso ya ba da ta kakarsa.

Shin ko kun san tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare? Farfesa Babs Fafunwa ya gwada haka a Ife daga 1970, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, suka kuma yi fice. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa tsarin zuwa firamare gaba ɗaya, a Nuwamban 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta sanar da komawa Turanci. Ana ta wannan kai-komo a Abuja, malamar aji ɗaya a ƙauyen Rano kuwa ta san da wane harshe yaranta ke dariya. Ko yaya aka juya, darasin Hausa yana nan a jadawali, kuma a cikinsa ba dokar da ta hana a gayyato tsohuwar unguwa, a ba ta goro da tabarma, a ce "Iya, ga jikokinki nan."

Shin ko kun san kacici-kacici darasin sanin ƙasa ne? Shi ake fara yi kafin tatsuniya, don a wasa ƙwaƙwalwa. Baba na ɗaka gemu na waje: hayaƙi. Shanu dubu maɗaurinsu ɗaya: tsintsiya. Rawanin baba ya faskari naɗi: hanya. Wanda ya kasa sai ya ba da gari, mai tambaya kuma yana iya ƙin karɓa in garin bai yi masa ba. A ba shi Bunkure ya ce ya yi kaɗan, a ba shi Zariya ya yi shiru, sai an kai Makka ko Madina ya saki amsa. Kafin a tashi yaro ya ji sunan garuruwa goma, ya kuma san wanne ya fi wanne nisa da girma.

Shin ko kun san tashe makarantar wasan kwaikwayo ce da yara ke gudanar da kansu? Daga goma ga watan azumi suke fita bayan shan ruwa, gida-gida, da gemun auduga da tsummoki da gwangwani, suna kwaikwayon tsoho da malami da mai ciki da miji da mata. Su ke rabon matsayi, su ke haɗa kaya, su ke raba abin da aka samu. A birnin Kano har gwauraye ba su tsira ba, Nalako, sarkin gwauraye, na nan yana jiransu. A ƙarshen 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Hawan sallah yana da sarakuna da dawakai da masu ɗaukar hoto. Tashe da langa da gaɗa kuwa a hannun 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu suke, kuma in zango ɗaya na yara ya tsallake su, na bayansu ba su da wurin koya.